Kankanata ta cika wuri da ganye, amma 'ya'yan sai zubewa suke yi

Assalamu alaikum Baba. Na shuka kankana gindi shida a bayan ɗakina, da irin da na cire daga wata mai zaƙi da muka saya muka sha. Yanzu ta kusa wata biyu. Yaɗo dai ba a magana, ganye kore shar, har ta fara hawa katanga. Fure kuma kullum tana yi, amma kafin yamma sai in tarar ya zube. 'Ya'yan da suka fito ba su da yawa, kuma da sun kai girman ƙwai sai su yi rawaya su yanƙwane su faɗi. Ɗaya ce kawai ta girma, ita ma ƙasanta ya yi baƙi ya ruɓe. Ban rage ta da komai ba. Na zuba kashin kaji, ina ƙara mata yuriya duk mako, ina fesa maganin ƙwari da safe, ruwa kuwa duk ranar da na samu sarari ina malala mata sosai. Maigidana ya ce in tuge in huta, yara kuma kullum sai sun je sun leƙa. Me na yi ba daidai ba?

Wata uwa

Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki tuge. Shukar da ta yi irin wannan yaɗo saiwarta lafiya lau take, kuma lokaci bai ƙure miki ba. Yawancin irin kankana na ɗaukar kwana 75 zuwa 90 daga shuka zuwa nuna, kuma daga ranar da fure ya kama zuwa ranar da za a cire ɗan, kwana 35 zuwa 45 ne. Ke nan in kika gyara hannu a makon nan, nan da mako shida yaranki za su iya samun abin da suke leƙe. Na karanta wasiƙarki na ga ƙoƙari, na kuma ga cewa ƙoƙarin ne ya yi yawa ta wani ɓangaren. Zafin nema ba ya kawo samu. Abin da zan roƙe ki shi ne ki ajiye buhun taki da kwalbar magani, gobe da sassafe ki je ki tsuguna gaban furen nan ki dube shi da kyau, don a nan matsalarki take.

Kankana fure iri biyu take yi a jikin gindi ɗaya, namiji da mace. Dukansu rawaya ne, daga sama ba za ki bambance su ba, sai kin ɗaga kin duba ƙasansu. Namijin yana zaune ne a kan siririn tsinke, babu komai a ƙarƙashinsa, a tsakiyarsa kuma akwai wani gari rawaya da zai manne miki a yatsa in kin taɓa. Macen kuwa, a ƙarƙashin ganyen furen akwai wani ɗan kumburi kore mai laushin gashi, bai wuce kan ɗan yatsa ba, wani lokaci har da zanen kankana a jikinsa. Wannan kumburin shi ne kankanar da kike jira. Maza ne ke fara fitowa, su yi mako ɗaya ko biyu su kaɗai kafin macen farko ta bayyana, kuma ko bayan nan sun fi yawa nesa ba kusa ba, sau da yawa sai kin ƙirga maza shida ko bakwai kafin ki ga mace ɗaya. Namiji ba ya zama ɗa har abada. Yana buɗewa da safe, ya ba da garinsa, ya rufe, ya faɗi. Don haka yawancin furen da kike sharewa da yamma kina baƙin ciki, aikinsa ya gama ne, ba ciwo ba ne.

Wanda ya kamata ya dame ki shi ne macen, domin safiya ɗaya tak gare ta a duniya. Tana buɗewa bayan fitowar rana, kafin azahar ta fara rufewa, kuma ba za ta sake buɗewa ba. In garin namiji bai isa gare ta a cikin waɗannan sa'o'in ba, ɗan kumburin zai ɗan ƙara girma na kwana uku ko huɗu, sannan ya yi rawaya, ya yi laushi, ya faɗi. Abin da kika kwatanta ke nan daidai. Garin furen kankana yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙwaro ya ɗauka a jikinsa, kuma babban mai wannan aikin shi ne ƙudan zuma. Zuwa ɗaya ma ba ya isa. Masana sun ƙiyasta cewa furen mace na buƙatar ziyarar ƙudan zuma aƙalla sau 8, da ƙwayoyin gari kusan 1,000 da za su bazu a kan sassa uku na tsakiyarta, kafin ta ba da ɗa cikakke. In gefe ɗaya ya samu, ɗayan bai samu ba, shi ne za ki ga kankana ta fito a karkace, ko mai siririn wuya, ko a yanka a tarar da rami a cikinta.

To ki duba lokacin da kike feshi. Da safe, daidai lokacin da fure yake buɗe, ƙudan zuma suna kansa. Wannan shi ya fi taɓa ni a wasiƙarki, don na san da kyakkyawar niyya kike yi, amma maganin bai san aboki ba bai san maƙiyi ba. Ki daina feshin nan gaba ɗaya yanzu. Ba ki ma ce kin ga wani ƙwaro yana cin ganyen ba, kuma ba a fesa magani don kawai a ji an yi wani abu. In nan gaba kika ga darɓa ta taru a bayan ganye har yana nannaɗewa, ki fara da ruwan sabulu marar ƙarfi. In ta kai ga sai an sa magani, a yi da yamma bayan fure ya rufe, a kuma bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar game da kwanakin da za a jira kafin a sha ɗan.

Kafin ƙudan zuma su dawo, ke za ki yi musu aikinsu, kuma ba shi da wuya. Tsakanin ƙarfe 6 da 9 na safe, ki nemi macen da ta buɗe a wannan safiyar. Ki tsinko namiji sabo, wanda shi ma yau ya buɗe, ki cire masa ganyen furen a hankali har sai tsakiyar mai gari ta rage a kan tsinken. Ki riƙe tsinken ki shafa garin a tsakiyar macen, kina juyawa a hankali don ya taɓa duk sassan uku. Za ki ga rawayan ya manne a kan jiƙaƙƙen wurin. Kada ki danna, kada kuma ki riƙe ɗan kumburin da yatsu, don yana da saurin ƙujewa. In maza suna da yawa, ki yi amfani da biyu a kan mace ɗaya. Bayan kwana biyu ko uku za ki san ko ya kama. Wanda ya kama, tsinkensa yana ƙara kauri, ya sunkuya ƙasa, ɗan kuma yana sheƙi yana ƙaruwa har ki riƙa ganin bambanci daga safiya zuwa safiya. In ruwan sama ya sauka a kan furen da safe, ki ɗauka na ranar ya tafi, ki jira na gobe.

Sai maganar taki. Yuriya kashi 46 cikin ɗari nata sinadarin naitirojin ne, wanda aikinsa ganye da yaɗo, kashin kaji ma shi ya fi yawa a cikinsa. Kin haɗa mata biyun, kina kuma ƙarawa duk mako. Shukar da take samun wannan ba ta ganin dalilin haihuwa, sai ta yi ta miƙa, ta rage furen mace, ɗan da ya kama ma ta ƙi riƙe shi. Ganyen kuma yana yin duhu ya rufe furen har ƙudan zuma ba sa ganinsa, kuma irin wannan ganye mai taushi shi darɓa ta fi so. Kankana tana son naitirojin a farkon rayuwarta, daga tsiro zuwa lokacin da ta fara yaɗo. Da fure ya fara, abin da take nema ya koma fotashiyam, wanda ke taimaka wa cikar ɗa da zaƙinsa. Abin da ke cikin ƙasarki yanzu ya ishe ta har ƙarshe, kada ki ƙara ko cokali ɗaya na yuriya. In kina da tokar itace tsantsa, bayan 'ya'ya sun kama ki barbaɗa ɗan kaɗan nesa da gindin ki bi da ruwa. Tafin hannu ɗaya ga kowane gindi ya wadatar, domin toka in ta yi yawa tana sauya yanayin ƙasa, ita kuwa kankana ta fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, wato 6 zuwa 6.8 a ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH.

Akwai wani abu da nake so ki tabbatar da idonki, don rashin barbara ba shi kaɗai ke zubar da ƙananan 'ya'ya ba. Duk ɗan da ya faɗi daga yau, ki ɗauko ki duba fatarsa a rana. In kin ga ɗan ɗigo kamar an soka allura, da wani ruwa mai danƙo da ya bushe ya yi ruwan ƙasa a bakin wurin, ki sa wuƙa ki raba shi biyu. In kin tarar da fararen tsutsotsi ƙanana a ciki, to ƙudan 'ya'yan itace ne. Macen ƙudan tana huda fatar ɗan tun yana da taushi ta zuba ƙwai, cikin kwana ɗaya ko biyu su ƙyanƙyashe, tsutsar ta ci cikin, ɗan ya ruɓe ya faɗi, ita kuma ta shige ƙasa ta fito sabon ƙuda. Feshi ba ya kai wa ga tsutsar da ke cikin ɗa. Abin da ke aiki a ƙaramar shuka irin wadda kike da ita shi ne rufe 'ya'yan. Washegarin ranar da kika yi barbara, da furen ya yanƙwane, ki sa wa ɗan jakar takarda ko wani yanki na gidan sauro, ki ɗaure bakin sako-sako a tsinken, ki bar masa wurin girma. In ya girma fatarsa ta yi tauri sai ki cire. Waɗanda suka lalace kuwa kada ki bar su a ƙasa, kada kuma ki jefa su cikin takin da kike tarawa. Ki ƙulle su a baƙar leda ki ajiye a rana na wasu kwanaki, ko ki binne su da zurfi, kamar rabin mita. In kuma kin raba ɗan kin tarar da cikinsa tsaf, babu huji babu tsutsa, maganar ta koma kan barbara da taki.

Ita kuwa babbar da ta ruɓe, ki tuna wane gefe ne ya yi baƙi. In ƙarshenta ne, wato gefen da furen ya bushe, kishiyar tsinke, kuma wurin ya fara da yin laushi sannan ya bushe ya lotsa ya yi baƙi, wannan ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a cikin ɗan. Mutane da sun ji haka sai su ruga neman abin da za su zuba, alhali sau da yawa kalsiyam ɗin yana nan a ƙasa, hanyar isarsa ce ta yanke. Ruwa ne ke ɗauke da shi daga saiwa zuwa ɗa, kuma ƙarshen ɗan shi ne wuri mafi nisa. In ƙasa ta bushe kwana uku sannan aka malala mata ruwa, ta sake bushewa, wannan wurin ne ke fara rasa rabonsa. Yawan naitirojin yana ƙara ta'azzara abin, don ganye ne ke janye ruwan. Kalmarki ta "duk ranar da na samu sarari" ita ta nuna mini. Kashi 92 cikin ɗari na kankana ruwa ne, kuma ta fi son a ba ta daidai a kan tsari da a cika ta yau a manta da ita jibi. Irin wannan ban ruwa ne kuma ke sa babbar kankana ta tsage tana gab da nuna.

Ki tsayar da ranakun ban ruwanki, sau biyu ko uku a mako gwargwadon zafi da irin ƙasarki, ƙasa mai yashi ta fi saurin bushewa. Ki zuba a gindi a hankali har ya ratsa, kada ki watsa a kan ganye. Kafin ki zuba ki cusa yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, in da danshi ki bari sai gobe, don saiwar kankana ba ta jure zama cikin ruwa. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewayen gindin ta riƙe miki danshin. In kuma gefen da ya kwanta a ƙasa ne ya ruɓe, wannan jiƙaƙƙiyar ƙasa ce ta ci shi, maganinsa ki ɗora kowane ɗa a kan ɗan katako ko tarin busasshiyar ciyawa tun yana ƙarami.

Ko kin yi komai daidai, kada ki sa ran duk macen da kika yi wa barbara za ta zauna. Da ɗa ɗaya ko biyu sun kama sun fara girma, shukar da kanta take zubar da na bayansu, don ta san iyakar ƙarfinta. Gindi ɗaya na manyan iri 'ya'ya biyu yake iya cikawa da kyau, ƙananan iri kamar Sugar Baby su kai uku ko huɗu. In sun fi haka ki rage da hannunki, ki bar masu kyawun siffa. Gindi shida kuma suna son fili, kusan mita ɗaya tsakanin gindi da gindi, mita biyu tsakanin layi da layi, da rana ta aƙalla awa 8. In a matse suke, gara ki cire biyu mafi rauni ki bar huɗu su sha iska. Wanda ya hau katanga ki sauko da shi a hankali, ko ki tanadi tsumma mai ƙarfi da za ki rataye ɗan a ciki, don tsinke ba zai ɗauki nauyinsa ba. Zafi mai tsanani, sama da digiri 35, yana ƙara yawan furen maza ya kuma raunana garin, sanyi kuwa yana tsayar da girma. Waɗannan ba a hannunki suke ba, sai dai ki ƙara sammako a ranakun zafi.

Game da irin da kika cire daga kankanar da kuka saya, zai haihu, amma ba lallai ya ba ki irin uwarsa ba. Sau da yawa kankanar da ake nomawa don sayarwa haɗin iri biyu ce, 'ya'yanta kuma sukan rarrabu, wani ya yi zaƙi wani ya yi lami. Wannan karon ki karɓi abin da ya zo. Shuka ta gaba ki nemi iri mai suna a cikin fakiti, irin su Crimson Sweet ko Charleston Gray in kina da fili, Sugar Baby in wurin ƙarami ne.

Akwai yanayi ɗaya da zan goyi bayan maigidanki. In kika ga reshe ɗaya ya yi yaushi da rana alhali ƙasa na da danshi, ya farfaɗo da dare, bayan 'yan kwanaki ya ƙi farfaɗowa, ki yanka karan kusa da ƙasa ki duba. In cikinsa ya yi ruwan ƙasa maimakon fari, ciwon yaushi ne da ke zaune a cikin ƙasa, ba shi da magani, kuma yana daɗewa shekaru a wurin. Wannan gindin a tuge shi a ƙone, kada a sake shuka kankana a wurin sai bayan shekara biyar ko fiye. Haka in kin tuge kin ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli, tsutsar ƙasa ce wadda ido ba ya gani, ita ma sauya wuri take so. Farin gari a saman ganye ko ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa kuwa, ki cire ganyen da ya kamu da wuri, ki bar ganye a bushe, ki buɗe wa iska hanya. Amma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a abin da kika rubuto. Ki ce masa ya ba ki mako uku, in 'ya'ya sun kama zai gani da idonsa.

Yaran nan masu leƙe ki ba su aiki. Idon yaro ya fi na babba saurin gano furen mace a cikin ganye, kuma abu ne da ba za su manta ba. Duk wadda aka yi wa barbara, a ɗaura ɗan zare a reshen kusa da ita, a rubuta kwanan wata a takarda. Wannan rubutun zai yi miki amfani a ƙarshe, domin kankana ba ta ƙara nuna bayan an cire ta, yadda kika tsinke ta haka za ta zauna. Da an kai kwana 30 daga ranar da aka rubuta, ki fara rage ruwa kaɗan-kaɗan don zaƙin ya taru, amma kada ki bari shukar ta yi yaushi. Daga kwana 35 ki riƙa duba siririn zaren nan mai nannaɗewa da ke fitowa a gaɓar da tsinken ɗan ya haɗu da reshe. In yana kore, da saura. In ya bushe ya yi ruwan ƙasa, ki ɗaga kankanar a hankali ki duba cikinta da ke kwance a ƙasa, ya kamata ya tashi daga fari ya koma ruwan ƙwai, sheƙin fatar kuma ya dusashe. Ƙwanƙwasawa tana taimakawa, nunanniya tana ba da amo mai zurfi, ɗanya kuma amo mai kaifi, sai dai kunne yana buƙatar sabo, don haka ki fi dogara da zaren nan mai nannaɗewa da launin gefen da ke kwance a ƙasa. In alamun biyu sun haɗu, ki yanke ta da wuƙa da safe, ki bar mata ɗan tsinke a jiki.